MALAM AMINU KANO DA ALLI A HANNU: TARIHIN MALAMIN MAKARANTAR DA YA ZAMA JAGORAN TALAKAWA

 A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo mana tarihin marigayi Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa. Na san wani zai ce ai babu wanda bai san Malam ba, mene ne kuma sabo da za a faɗa? Gaskiya ne kowa ya san shi a fagen siyasa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka dubi shekaru takwas da ya yi yana koyarwa, daga 1942 zuwa 1950. Mutumin nan ya yi ɗan majalisa, ya yi kwamishina a gwamnatin tarayya, ya shugabanci jam'iyyu biyu, ya nemi shugabancin ƙasa, amma duk waɗannan muƙamai babu wanda ya liƙe wa sunansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa Malam ake ce masa, kuma har yau in aka ce Malam kawai a birnin Kano, dattawa sun san wanda ake nufi.

Ni dai ban riski zamaninsa ba, domin ya rasu tun ba a haife ni ba. Abin da ya ja hankalina ga shekarunsa na koyarwa shi ne wata gardama da ta bi shi duk makarantar da ya je, watau mece ce koyarwa mai kyau, kuma wa yake da ikon ya ce wannan malami ya iya, wancan bai iya ba? Ɗalibansa suna da ma'auninsu, abokan aikinsa suna da nasu, hukuma ita ma tana da nata, kuma sau da yawa ma'aunan nan ba su haɗuwa. Duk wanda ya zauna a aji, ko a kan benci ko a gaban allo, ya san wannan gardama tana nan ba ta mutu ba.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai na zuriyar Genawa. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano, mahaifiyarsa kuwa, Rakiya, mace ce mai ilimi, kuma a hannunta ya fara karatun Alƙur'ani kafin ta rasu yana ƙarami. Saboda haka tun kafin ya taka makarantar boko ya saba da ganin manya suna zaune a zaure suna tattauna mas'ala, wannan ya kawo hujja, wancan ya kawo tasa, kuma ya ga da idonsa cewa mace ma tana iya zama malama. Waɗannan abubuwa biyu ba su rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yana da kamar shekara goma aka sa shi elementare ta Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. Masu rubuta tarihinsa sun ambaci cewa tun a Midil ya shiga gaba a wani yajin da ɗalibai suka yi a kan rashin kyawun abinci da ƙarancin sabulu da tsananin dokoki. Wannan yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin lokacin da ya zama malami bai manta yadda makaranta take a idon yaron da ke kwana a cikinta ba.

A 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a Katsina a 1922 domin horon malamai, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu. A Kaduna ne baiwarsa ta wasan kwaikwayo ta fito fili. Ya riƙa tsara wasanni da Hausa yana shirya su tare da 'yan'uwansa ɗalibai, daga ciki akwai wanda ya yi a kan masu cutar baƙauye a kasuwar Kano, da wani a kan halin wasu ma'aikatan En'e. Jama'a su zo su yi dariya, amma su koma gida da abin tunani. A nan ya gane cewa abin da mutum ya gani, ya kuma yi da kansa, ya fi zama a ransa bisa abin da aka karanta masa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba a Ikko, wanda ya zama masa malami kuma amini. Ya gama kwaleji a 1942, aka tura shi Midil ta Bauchi.

YADDA AJI YAKE A WANCAN ZAMANI

Kafin mu bi shi Bauchi, ya kamata mai karatu ya san irin ajin da ya tarar. Karatun boko na gwamnati ya fara a Arewa da makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Zuwa shekarun 1930 tsarin ya zauna kamar haka: yaro ya yi elementare da Hausa, in ya yi ƙoƙari a ɗauke shi Midil ta lardinsu inda zai kwana a makaranta ya koyi Turanci, daga cikin 'yan Midil kuma 'yan ƙalilan ne ke samun kwaleji. Sauran sai En'e ta ɗauke su, wani malamin haraji, wani malamin asibiti, wani malamin daji, wani magatakardan hakimi.

Tun da manufar ke nan, ma'aunin hukuma a bayyane yake. Baturen makaranta in ya zo duba aji, abin da yake nema shi ne tsabta da ladabi, rubutu mai kyau, lissafi daidai, Turanci mai fita, da kuma rajista da littafin shirin darasi a cike. Malamin da ajinsa ya yi tsit, yara suka amsa tambaya baki ɗaya kamar yadda aka koya musu, shi ne malamin kirki. Masarauta ita ma, wadda daga baitulmalinta ake biyan malaman, abin da take so shi ne yaro ya fito ya san na gaba da shi, ya iya tsugunawa ya yi gaisuwa, ya yi aikin da aka sa shi ba tare da dogon bayani ba.

Kada mu yi saurin raina wannan ma'auni. Da shi aka horar da mutanen da suka riƙe Arewa lokacin da Turawa suka tafi, kuma duk wanda ya taɓa ganin rubutun hannun 'yan Midil na da a cikin tsofaffin fayiloli ya san an koya musu aiki. Illa dai akwai abu guda da wannan ma'auni ba ya aunawa: ko yaron ya fahimci dalilin abin da yake maimaitawa, ko kuma yana iya tambaya in ya ga abin da bai gane ba.

SHEKARUN BAUCHI

Malam Aminu ya isa Bauchi yana saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, bai girmi manyan ɗalibansa da yawa ba. Bai tsaya ga abin da ke cikin littafi kaɗai ba. Ya shigo da wasan kwaikwayo cikin harkar makaranta, ya ƙarfafa muhawara, ya riƙe 'yan sikawut, sa'an nan ya bar ƙofar gidansa a buɗe, yara su zo bayan an tashi a ci gaba da tattauna abin da aka fara a aji. A wurinsa darasi bai cika ba sai yaro ya iya faɗin abin da bakinsa, ya kawo misali daga kasuwa ko gona ko fada, in ya ga kuskure kuma ya nuna, ko da a bakin malamin ne.

Ɗalibai sun ƙaunace shi ƙwarai. In muka duba da kyau, dalilinsu ya wuce daɗin wasa. Yaron da aka raba da iyayensa aka kawo shi makarantar kwana, wani lokaci ma ba da son iyayen ba, abin da ya fara dubawa ga malami shi ne ko wannan mutum ya damu da shi. In ya tabbata haka, sai kunnensa ya buɗe. An ba da labarin wani yajin da ɗaliban Midil ta Bauchi suka yi a kan abinci da tufafin makaranta da kuɗin kashewarsu da aka riƙe, har suka fice daga makaranta. Manya sun yi lallashi abin ya faskara, sai da Malam Aminu ya sa baki sa'an nan suka yarda suka dawo, da aka bincika kuma aka tarar kukansu yana da tushe. Ga yaran nan, malamin da ya yarda cewa yunwa da sanyi suna hana karatu shiga, shi ne wanda ya san koyarwa.

Wasu daga cikin abokan aikinsa ba haka suka ɗauki abin ba, kuma adalci ne mu saurari nasu ɓangaren. A ganin malamin da ya daɗe a aiki, sakin fuska ga yara yana zubar da kwarjini, kuma in kwarjinin malami ɗaya ya zube, na sauran ma ya taɓu. Yaron da ya saba yi wa Malam Aminu tambaya, gobe zai yi wa wani malamin da bai shirya mata ba, a ce ya yi rashin kunya. Bugu da ƙari akwai jarrabawar ƙarshen Midil tana jira, wadda ita ce za ta raba wanda zai sami aiki da wanda zai koma ƙauye hannu rabbana. Malamin da ya ce a bar wasa a haddace abin da za a tambaya, shi ma tausayin yaran yake ji, ta hanyar da ya sani.

A makarantar nan akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya girmi Malam Aminu da shekara takwas, ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya rubuta littafin Shaihu Umar, kuma ya zama hedimastan makarantar. Mutum ne mai natsuwa da kamewa, mai tsayawa ga tsari, wanda iya Turancinsa da daɗin muryarsa suka zama abin misali. Kowannensu gwani ne a aji, amma hanyarsu ta bambanta. Malam Abubakar yana ganin gyara yana zuwa sannu a hankali daga cikin tsari, Malam Aminu kuwa yana ganin tsarin da ya hana tambaya shi kansa yana bukatar gyara. Wannan bambanci da ya fara a ɗakin malamai na Bauchi shi ne ya bi su har fagen siyasa, inda ɗaya ya zama Firayim Minista a 1957, ɗayan ya zama jagoran masu adawa a Arewa. Duk da haka sun zauna a makaranta ɗaya sun yi aiki tare, kuma yaran da suka bi ta hannunsu su biyun sun ci ribar kowane.

Malam Aminu bai tsaya ga yara kaɗai ba. Shi da Malam Sa'adu Zungur da wasu 'yan boko na garin sun riƙa zaman tattaunawa a kan al'amuran mulki da ci gaban ƙasa, wanda daga ciki aka sami ƙungiyar kyautata zaman Bauchi, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi irinta na farko a Arewa. Tambayoyin da ake yi a wurin sun kai inda masu iko ba su so, har zaman ya gamu da fushin hukuma. Daga nan aka fara yi wa wannan matashin malami kallon wanda ya kamata a sa wa ido.

INGILA DA ƘUNGIYAR MALAMAI

A 1946 aka zaɓe shi cikin malaman Arewa da aka tura Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, shekara guda bayan Malam Abubakar ya je can. Ya isa Ingila ana gama Yaƙin Duniya na Biyu, jam'iyyar Leba tana mulki, ana ta muhawara a kan haƙƙin ma'aikaci da ilimin ɗan talaka. Ya shiga makarantunsu ya ga yadda ake koyarwa, ya karanta littattafan masana, ya yi cuɗanya da ɗalibai daga sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Ya kuma halarci babban taron 'yan sikawut na duniya da aka yi a Faransa a 1947. Abin da yake yi a Bauchi bisa basira, a nan ya tarar ashe fanni ne da ake karantawa a jami'a. Labarin wannan tafiya yana cikin littafinsa Motsi Ya Fi Zama.

Wani darasi da ya dawo da shi shi ne cewa ba a raba ingancin koyarwa da halin da mai koyarwar yake ciki. Malamin da albashinsa bai kai masa wata ba, wanda ba shi da hanyar ƙaro ilimi, wanda ana iya cilla shi wani gari don ya ɓata wa wani babba rai, da wuya ya tsaya gaban allo da zuciya ɗaya. Tun suna Landan shi da abokansa suka fara shawarar haɗa kan malamai, kuma a 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, shi ne sakatarenta. Ta yi magana a kan albashi da sharuɗɗan aiki, ta kuma yi magana a kan manhaja da horon malamai. Watau mutumin da ya tsaya wa ɗalibai a Bauchi, shi ne kuma ya tsaya wa malamai, domin bai ɗauki ɓangarorin biyu a matsayin abokan gaba ba.

MARU DA AJIYE AIKI

Bayan ya dawo ya ɗan ƙara zama a Bauchi, sai aka tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato, wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara. Mutane da yawa suna ganin an yi haka ne don a nisanta shi da birane da abokan tattaunawarsa. In haka ne, to dabarar ba ta ci ba, domin an ɗauke shi daga koyar da yara an ba shi waɗanda za su koyar da yara. Duk abin da ya zuba a kan ɗalibi ɗaya a Maru, gobe zai isa elementare guda a wani ƙauye. A can ya zauna tare da wani matashin malamin Larabci da addini, Malam Abubakar Mahmud Gumi, wanda shi ma daga baya sunansa ya cika ƙasa.

A Maru ne ya mai da hankali sosai ga makarantun allo. Shi ɗan gidan malamai ne, ya san darajarsu, ya kuma san inda suke da rauni: yaro ya yi shekaru yana tilawa bai san ma'anar abin da yake karantawa ba, ba a raba manya da ƙanana, babu lissafi, babu wata sana'a. Ya yi ƙoƙarin haɗa ƙungiya domin kyautata su, amma a lokacin abin bai yi nisa ba. A nan ma gardamar nan ce ta sake dawowa da wata riga: shin yaro ya sani in ya haddace, ko kuwa sai ya fahimta?

Ana cikin haka siyasa ta fara zafi. Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Ma'aikacin gwamnati ba shi da damar shiga siyasa a fili, saboda haka a watan Nuwamba na 1950 Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa ya koma Kano, kuma a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

MALAMIN DA BAI BAR KOYARWA BA

Ya bar aikin gwamnati amma bai bar alli ba. A farkon shekarun 1950 shi da abokansa suka buɗe makarantar Islamiyya a gidansu na Sudawa, wadda ake lissafa ta cikin na farko a Kano. An raba yara aji-aji, ana koyar da Alƙur'ani da ma'anarsa, da Larabci da fiƙihu, tare da lissafi da sauran ilimin zamani, daga baya kuma har da 'yan mata. Saboda alaƙar waɗannan makarantu da NEPU, En'e ta yi musu kallon zargi, sun kuma sha matsi. Amma yau babu unguwar da za ka shiga a biranen Arewa ba ka ji muryar 'yan Islamiyya da yamma ba.

Hatta siyasarsa koyarwa ce. Lacca a dandali ta zama masa aji, yana yi wa manomi bayanin harajin da doka ta ɗora masa da wanda ba ta ɗora ba, da Hausa mai sauƙi da misalai da barkwanci, kamar dai yadda yake yi wa 'yan Midil. Ya dage a kan ilimin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a tun lokacin da faɗin haka yake jawo zagi. Da azumi kuma yakan zauna ya yi tafsiri.

An zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959. A gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967 zuwa 1971, sa'an nan ta lafiya zuwa 1974. A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, jam'iyyar ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, kuma gwamnatinta a Kano ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Gidan nan, wanda ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, watau dai ya koma makaranta.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan'uwa, in muka tuna zamanmu a makaranta za mu ga mu ma mun auna malamanmu, kuma ma'auninmu ya sauya da shekaru. Muna aji ɗaya mun fi son malami mai ba da labari wanda ba ya duba aikin gida. Da jarrabawar WAEC da NECO ta matso, sai muka koma son wanda ya san inda tambaya take fitowa. Yanzu da muka shiga duniya, waɗanda muke yi wa addu'a su ne waɗanda suka tilasta mana tunani, suka mai do mana da rubutu cike da jan biro, suka kuma san sunan kowa da halin da yake ciki. Ashe ra'ayin ɗalibi gaskiya ne, amma bai cika ba sai an haɗa shi da na malami, wanda yake hango abin da yaro bai kai ga hangowa ba. Haka shi ma malami, komai ƙwarewarsa, ba shi da hanyar sanin ko darasinsa ya shiga sai ta bakin wanda aka koya wa.

Hukuma har yau tana da nata ma'aunin. An mai da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, an kafa hukumar rajistar malamai, ana duba littafin shirin darasi kamar yadda Baturen makaranta yake yi. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, ta sallame su, ƙungiyar malamai kuma ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. Gwamnati ta ce wanda bai sani ba ba ya koyarwa, malamai suka ce ba a yi musu adalci wajen aunawa ba, sun kuma yi nuni ga shekarun da aka yi ba horo, ba kayan aiki. A duk wannan taƙaddama, muryar da aka fi ƙarancin ji ita ce ta yaran da ke zaune a ajin.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati ina ganin sakamakon aji a kan teburina. Matasa suna zuwa mana bautar ƙasa da takardu masu kyau. Wani ka ba shi fayil ka ce ya karanta ya rubuta shawararsa a layi biyar, sai ya kwafe maka abin da ke ciki, domin tun yana yaro ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba. Wani kuma yana da baki da ra'ayi, amma ba ya iya jera jimla uku babu kuskure. Na farko ya rasa irin tarbiyyar Malam Aminu, na biyu ya rasa irin ta Malam Abubakar. Makaranta tana bukatar duka biyun, kamar yadda Midil ta Bauchi ta same su a lokaci guda.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara. Mun saba in mun tara kuɗi mu yi fenti, mu gyara rufi, mu sayi kujeru, kuma duk suna da kyau. Amma mu ware wani kaso domin abin da ke faruwa a cikin ajin. Mu farfaɗo da ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo, mu sa musu kyauta. Mu ɗauki nauyin bita ga malamai lokacin hutu, waɗanda suka yi ritaya daga cikin iyayenmu su zo su zauna da sababbin. In za mu ba da kyautar gwarzon malami, a ji ta bakin ɗalibai, a ji ta bakin malamai 'yan'uwansa, a kuma duba sakamako, kada a dogara ga ɗaya kaɗai. Sa'an nan duk ranar taronmu na shekara, a keɓe awa guda mu zauna da 'yan ajin ƙarshe, mu tambaye su abin da yake taimakonsu a aji da abin da yake hana su ganewa, mu isar wa hukumar makaranta cikin ladabi.

Ga malamanmu da suke karanta wannan, muna godiya, kuma mun san bashinku ba ya biyuwa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinku, Allah ya gafarta musu. Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur, ya sa Aljanna ce makomarsu, ya kuma albarkaci makarantarmu da masu koyarwa a cikinta, amin.